Na Je Neman Estremadura, Na Tarar Ta Yi Ƙaura

Yuro 3! Abin da na biya ke nan, kuma tun da nake ban taɓa sayen abin da ya hana ni zama wuri ɗaya kamar wannan tsohuwar takarda ba.

Ranar Asabar ce a Lisbon, babban birnin Fotugal, a kasuwar 'yan gwanjo da suke kira Feira da Ladra, wadda ke ci Talata da Asabar a wani fili bisa tudu, can saman unguwar Alfama. Ba abin da babu: matattun agoguna, makullan da ƙofofinsu suka daɗe da rushewa, takalmi wari ɗaya, faya-fayen garmaho. Ina tare da abokina, wani ɗan Gine-Bisau mai karatu a can, wanda shi ne bakina shi ne kunnena, don abin da na iya a harshensu bai wuce gaisuwa da tambayar kuɗin abu ba. Sai idona ya faɗa kan wata taswira ta 'yan makaranta, ninke huɗu, ta yi jaja-jaja don tsufa. Na buɗe. Ga Fotugal a tsaye kamar ƙyauren ɗaki, an raba ta gida 11, kowane gida da launinsa.

Na ce wa abokina ya tambayi mai kayan, wani dattijo mai hular ulu: "Baba, ina muke a cikin nan?"

Ya ɗora yatsa a kan wani yanki da ya rungumi bakin teku, ya ce, "Estremadura. A nan aka haife ni, a nan na tsufa. Da bulala aka sa mu muka haddace sunayen nan." Sai ya yi dariya, ya ƙara da cewa, "Amma babu ita."

"Baba, kamar yaya babu ita? Ba ga mu a kanta ba?"

"An soke ta, ɗana. Ka fita ka nemi ofishinta, in ka samu ka zo ka gaya min."

Lardi guda, mai ɗauke da babban birnin ƙasa, a ce ya yi ɓatan dabo? Na biya kuɗin ban ko taya ba. Kwana 2 na ware wa Lisbon a tafiyar nan, sai ga shi wankin hula ya kai ni dare: mako guda cur na yi ina bin sawun wannan suna, mota zuwa jirgin ƙasa, jirgin ƙasa zuwa ƙafa.

Abin da ya fara tayar min da tsikar jiki shi ne ma'anar sunan. Estremadura na nufin bakin iyaka, ƙarshen ƙasa, inda namu ya tsaya na wasu ya fara. Wasu kan ce asalinsa "ƙarshen Kogin Douro" ne a harshen Latin, masana da yawa kuma suna ganin daga kalmar "ƙurewa" kawai ya fito. Ko ma wanne ne, tambayar ita ce: iyaka da wa? Da Andalus! A wancan zamani kudancin wannan ƙasa duk yana hannun Musulmi, Larabawa suna kiran yankin Garbul Andalus, wato yammacin Andalus. Sarakunan Kirista na arewa suna turowa kudu sannu a hankali, kuma duk inda dagarsu ta tsaya, nan ne Estremadura. Suka kama Porto a 868. Suka kama Coimbra a 1064, iyaka ta sauko Kogin Mondego. A 1147 Afonso Henriques, sarkin Fotugal na farko, ya haura ganuwar Santarém da dare a watan Maris, ya kuma ci Lisbon a watan Oktoba da taimakon mayaƙan da ke kan hanyarsu ta zuwa yaƙin Ƙudus, iyaka ta sauko Kogin Teju. Ashe sunan tafiya yake yi. Rundunar ta yi gaba, shi ma ya naɗe tabarmarsa ya bi ta.

Ga inda abin ya ƙara ɗaure min kai. Yaƙin bai tsaya a Teju ba. An ci Alcácer do Sal a 1217, an ci Faro da ke can ƙarshen kudu a 1249, ƙasa ta ƙare, teku ta tare hanya. Amma sunan bai bi su ba wannan karon. Ya yi zamansa a baya, a tsakiyar ƙasa, kamar baƙon da ayari ya tashi ya bari. Sai Lisbon ta zama mazaunin sarki. To ka ji: lardin da sunansa ke nufin "gefe" shi ne ya wayi gari riƙe da fada, da baitulmali, da tashar jiragen da suka zagaya Afirka. Sifaniya ma tana da tata, mai suna iri ɗaya sai bambancin harafi guda, Extremadura, wajen Badajoz da Cáceres, kuma ita tana nan da ranta, da majalisarta da gwamnatinta a Mérida. Ta Fotugal ce ta zama fatalwa.

Ko bayan an daina yaƙi ba ta zauna lafiya ba. A ƙarni na 15 da farkon na 16 an raba ƙasar gida 6, kowane gida ƙarƙashin wani babban alƙalin sarki mai zagaye: Entre-Douro-e-Minho, Trás-os-Montes, Beira, Estremadura, ƙasar da ke tsakanin Teju da Kogin Guadiana, sai Algarve. A lokacin Estremadura doguwa ce siririya, ta kwanta a bakin teku tun daga kusa da Douro har Lisbon. Da Sarki João na 3 ya sa aka ƙidaya gidajen ƙasar daga 1527, Aveiro da Coimbra duk a cikinta aka lissafa su. Beira kuwa tana ciki, cikin duwatsu, ba ta ko jin ƙamshin teku. A ƙarnonin da suka biyo sai Beira ta miƙe ƙafa har bakin ruwa, ta haɗiye Aveiro da Coimbra, ita kuma Estremadura ta zame ƙasa, ta tsallaka Teju ta kama Setúbal. An yanke mata kai, an ƙara mata ƙafa.

Na ce to, gani ya kori ji. Washegari muka kama hanyar yamma.

Cabo da Roca! Nan ne ƙarshen nahiyar Turai ta yamma, in ba a lissafa tsibirai ba. Wani hayin dutse ne mai tsayin kusan mita 140, a tsaye cak a kan Tekun Atlantika, iska tana bugun mutum kamar tana binsa bashi. Na riƙe hulata da hannu ɗaya, taswirata da ɗaya, ina kallon ruwa iyakar gani, ina cewa a raina: aƙalla ta wannan gefen sunan bai yi ƙarya ba. A bayana Dutsen Sintra ne, wanda bai kai mita 530 ba amma yana tare gajimaren teku, shi ya sa kullum yake lulluɓe da hazo da kore shar, alhali 'yan kilomitoci kaɗan daga gindinsa rana tana dukan ƙasa. Mutanen karkarar da ke kewaye da Lisbon ana kiransu saloios, su ne tun kaka da kakanni masu kai wa birni burodi da kayan lambu da wankakkun tufafi a kan jakuna. Kuma duk allon hanya da muka wuce sai na ji kamar ana min sallama da wani tsohon harshe da na sani: Alcântara, wato gada, Almada, wato ma'adini, Alfama, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa. Hatta zaitun, azeitona suke ce masa. Abokina ya gaji da ni, ya ce, "Malam, in za ka tsaya a kan kowane 'Al', ba za mu kai ko'ina ba."

Daga nan muka miƙe arewa, cikin yankin da mazaunansa ba su ce masa komai sai Oeste, wato Yamma. Tuddai ne ƙanana, ɗaya bayan ɗaya kamar kunyoyin wata ƙatuwar gona, da gonakin inabi da na wani ɗan itace mai suna pera rocha, ga tsofaffin injinan niƙa masu aiki da iska, farare, zagayayyu kamar rumbuna, a kan kowane tsauni. A kan waɗannan tuddai ne Wellington, kwamandan sojojin Ingila, ya sa aka gina jerin ganuwoyin Torres Vedras a asirce daga 1809, daga teku har Teju, sojojin Faransa ƙarƙashin Masséna suka zo a 1810 suka yi turus, suka kasa wucewa. Wannan ya nuna min siffar wurin fiye da kowace taswira: Lisbon tana zaune ne a bakin wani zirin ƙasa, teku a dama, kogi a hagu, in ka toshe wuyan ka toshe komai.

Nazaré kuwa sai da ta sa na yi salati. A ƙarƙashin tekun da ke gaban garin akwai wani kwazazzabo da zurfinsa ya kai kimanin mita 5,000, bakinsa ya zo dab da gaɓa, shi ke tattaro ƙarfin ruwa ya cilla shi sama. A watan Oktoban 2020 wani Bajamushe, Sebastian Steudtner, ya hau raƙumin ruwa mai tsayin mita 26.21 a kan ɗan allo. Tsayin bene mai hawa 8 ke nan! Ranar da muka je tekun ba ta fusata haka ba, amma ko a hakan ƙarar da take yi a gindin hasumiyar fitila tana shiga har ƙashin mutum. A can ƙasa, a kan rairayi, tsofaffin mata sun baje kifi fasasshe a kan ragar da aka ɗaure a katako, yana shan rana, suna korar ƙuda, suna ciniki, ko kallon tekun ba sa yi.

To ina iyakar arewa? A taswirata layin ya wuce kaɗan da Nazaré, ya zagaye Marinha Grande, garin masu sana'ar gilashi, ya tsaya. Muka bi ta cikin dajin Leiria, dajin dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, wanda tarihi ke dangantawa da Sarki Dinis, aka dasa don ya tare rairayin teku kada ya binne gonaki. Gobarar Oktoban 2017 ta cinye fiye da kashi 80 cikin 100 nasa, har yanzu ana ganin fili fetal da ƙananan dashe inda da inuwa ce. Ina ta leƙe ta taga, ina jiran kogi, ko dutse, ko ko da turke guda da zai ce min ka fita daga Estremadura. Babu! Tafiyar minti kaɗan sai ga mu a Leiria, ga ganuwarta bisa dutse. Kuma a taswirar nan Leiria, wadda ita ce hedikwatar gundumar da Nazaré da Marinha Grande suke ciki, tana wani lardin daban, Beira Litoral. Gunduma ɗaya, larduna 2. Uwa a wani gida, 'ya'ya a wani.

A wani ɗan shagon shayi a Leiria na baje takardata a kan tebur, na shiga warware wannan ƙulli, kofi yana hucewa. Ashe taswirori 2 ne aka ɗora ɗaya kan ɗaya, kuma ba su taɓa jituwa ba.

Ta farko ta samo asali ne daga yaƙin basasar 'yan'uwa 2, Pedro da Miguel, kan gadon sarauta. A 1832, tun ɓangaren Pedro yana tsibiran Azores bai ma karɓi ƙasar ba, ministansa Mouzinho da Silveira ya rubuta doka ta raba Fotugal bisa salon Faransa: larduna 8 a babban yankin ƙasar, kowanne da shugaban da gwamnati ta naɗa. Jama'a suka ƙi abin, suka ce waɗannan shugabanni ƙananan sarakuna ne. A 1835 aka ajiye larduna gefe, aka ƙirƙiro gundumomi 17, kowacce da sunan babban garinta da gwamnanta na farar hula. Estremadura ta tashi a gundumomi 3: Leiria, Santarém, Lisbon. Shekara guda bayan haka minista Passos Manuel ya sa almakashi a ƙananan hukumomi, daga kusan 800 suka koma 351. A 1926 aka yanko Setúbal daga Lisbon, gundumomi suka cika 18, kuma har gobe 18 ɗin ne.

Ta biyu ita ce tawa ta Yuro 3. Gwamnatin firaminista Salazar ce ta dawo da larduna, tsarin mulkin 1933 ya buɗe ƙofa, dokar mulki ta 1936 ta zana su guda 11. An dogara ne da aikin wani malamin labarin ƙasa na Jami'ar Coimbra, Amorim Girão, wanda ya bi ƙasar yana duba irin dutse da ruwan sama da shuka da yadda mutane ke gina gida. Ni dai a ganina malamin ya fi 'yan siyasar 1835 ido, domin shi ƙasa ya kalla, su kuwa nisan gari da gari suka auna. Sai dai an ba lardunan suna da majalisa, ba a ba su kuɗi ko iko na kirki ba, gwamnonin gundumomi suna nan daram a kujerunsu. A 1959 aka gyara tsarin mulki, aka tuɓe wa larduna rigar mulki. Shekara 23 kacal suka yi! Amma taswirar ta ci gaba da rataya a bangon azuzuwa, yara suna rera ta, ga raye-rayen gargajiya da tufafi da girke-girke duk an jera su lardi-lardi. Abin da ya kasa zama a ofis sai ya zauna a kai. Na tuna dattawanmu da har yau in suna labari sai ka ji sun ce Lardin Sakkwato ko Lardin Kano, alhali tun 1967 aka shiga zamanin jihohi, ɗan Haɗeja ya kwana a Kano ya tashi a Jigawa a 1991 bai ɗaga ko tukunya ba.

A wannan rabo na 1936 ne aka yi wa Estremadura yankan da ya fi kowanne zafi. Aka ɗebe mata kwarin Teju, aka haɗa da wani ɓangare na ƙetaren kogi, aka raɗa wa jaririn suna Ribatejo, wato gaɓar Teju, aka ba shi Santarém ta zama hedikwata. Sai na ce lallai sai na ga abin da ya sa.

Tsakanin bakin teku da kwarin akwai katanga, kuma wannan karon katanga ce ta gaske: duwatsun Aire da Candeeiros, farin dutse irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa, tsayinsu bai kai mita 700 ba amma sun bushe ƙayau. Ruwan sama yana sauka, dutsen ya shanye, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa cikin koguna irin na Mira de Aire. Manoma sun tsince duwatsun gonakinsu sun jera su shinge-shinge ba tare da laka ba, zaitun yana tsaye a tsakani. Can gefen arewa maso gabas Fátima take, garin da Kiristoci Katolika ke tururuwar ziyara tun 1917, ɗauke da sunan da kowane gidanmu yake da mai shi. Ita ma nata rikicin: gundumar Santarém, amma a taswirata lardin Beira Litoral.

A gindin waɗannan duwatsu, kusa da Rio Maior, na ga abin da ban taɓa zato ba. Gishiri, a tudu, kusan kilomita 30 daga teku! Wata rijiya ce a tsakiyar kwari, ruwanta ya ratso ta cikin dutsen gishiri a ƙarƙashin ƙasa, ya fi ruwan teku zartsi kusan sau 7. Ana jan ruwan a zuba a ƙananan fangaloli masu daɓen dutse ko siminti, a bar wa rana aikinta, bayan 'yan kwanaki a zo da shebur na katako a tara shi tsibi-tsibi, fari fat har yana kashe ido. Rumbunan ajiyar duk na katako ne, har makullan ƙofa da 'ya'yansu na katako, domin gishiri ba ya barin ƙarfe. Na karɓi ɗan makulli guda na jujjuya shi a hannuna, sanda ce 'yar ƙarama mai haƙora, ta yi sumul don shan hannu. Akwai takarda tun ta 1177 da ta ambaci wannan rijiya. Na ɗanɗana ƙwaya ɗaya, na tuna kantun Bilma da ke isowa kasuwanninmu a bayan raƙuma. Na sa aka tambayi wani mai kwasar gishirin ko nan wane yanki ne. Ya jingina da sheburinsa ya ce, "Mu 'yan Ribatejo ne. Amma an taɓa cewa mu 'yan Alentejo ne." Ya ɗaga kafaɗa, ya koma aikinsa.

Alentejo? Na sake buɗe taswira. Alentejo ai ma'anarsa "ƙetaren Teju", mu kuwa ko hango kogin ba mu yi ba, yana can gabanmu. Na ɗauka mai gishirin zolayata yake yi. Na riƙe maganar a raina muka wuce Santarém.

Kai, Santarém! Garin yana bisa wani tudu mai kan tebur, Larabawa suna ce masa Shantarin, kuma a gindin ganuwarsa ne Halifan Muwahhidun, Abu Yakubu Yusuf, ya sami raunin da ya yi ajalinsa a 1184, lokacin da ya zo ƙwato garin. Muka bi lunguna har wani lambu da ke cikin tsohuwar ganuwa, Portas do Sol, Ƙofofin Rana. Na leƙa ta kan katanga, sai numfashina ya tsaya. Tuddai sun ƙare kamar an yanke da wuƙa. Ga Teju a ƙasa, faffaɗa, yana tafe a natse tsakanin tsibiran yashi, ya taso tun daga duwatsun Albarracín na Sifaniya, tafiyar kilomita sama da 1,000. Ga tsohuwar gadar ƙarfe ta 1881 ta miƙe zuwa Almeirim. A ƙetare kuwa fili ne shimfiɗe kamar faifai har inda sama ta taɓa ƙasa: masara, tumatir, inabi, can ƙasa kuma shinkafa.

Fadama ce. Ba wata kalma da ta dace da ita sai wannan. Su suna ce mata lezíria, daga Larabcin aljazira, tsibiri. Sai dai daminarsu a juye take da tamu: ruwa da sanyi tare suke zuwa, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, bazara kuwa ƙurmus. In kogin ya cika sai ya malale filin, ya yanke ƙauyuka, ya janye ya bar laka mai albarka. A unguwar da ke gindin tudun, wajen tashar jirgin ƙasa, mutane ba su manta da ambaliyar 1979 ba. A wannan fadama ake kiwon baƙaƙen bijimai da dawakai, makiyayansu kuma, campinos, a kan doki suke kiwo, da doguwar sanda kamar mashi, ranar biki su sa koriyar hula da jar falmaran. Kowane Nuwamba garin Golegã yakan cika maƙil da kasuwar dawaki. Na tsaya a nan na sallama wa Amorim Girão: mai kamun kifin Nazaré da makiyayin nan ba abin da ya haɗa su sai harshe da tuta. Wannan layi guda, aƙalla, ƙasa ce ta zana shi kafin alƙalami.

To saura maganar mai gishiri. A cikin jirgin da ya ɗauko mu daga Santarém zuwa Lisbon abokina ya warware min, yana dariya tun kafin ya fara.

Bayan juyin mulkin 1974, tsarin mulkin 1976 ya yi alkawarin kafa yankuna masu zaɓaɓɓun hukumomi. Aka yi ta jan ƙafa har 8 ga Nuwamba 1998, ranar da aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan taswira mai yankuna 8. A cikinsu har da wani mai suna Estremadura e Ribatejo, wanda ya haɗa Leiria da Santarém, ba Lisbon a ciki. Dubi ikon Allah: sunan ya kusa dawowa, amma a wani mazaunin kuma! Sama da kashi 60 cikin 100 suka ce a'a, fiye da rabin masu rajista ma ba su fito ba. Magana ta mutu.

Amma akwai wata taswirar ta uku, wadda ba a koyar da ita da bulala, ita ce kuma mai maiƙo. Tun da Fotugal ta shiga ƙungiyar da ta zama Tarayyar Turai a 1986, aka raba ta yankunan ƙididdiga, kuma da su ake auna wa za a ba tallafi. Ƙa'idar ita ce yankin da arzikin kowane mutum a cikinsa bai kai kashi 75 cikin 100 na matsakaicin Tarayyar ba, shi ke samun kaso mai tsoka. Oeste da kwarin Teju an haɗa su a yanki ɗaya da Lisbon. Lisbon ta yi ƙiba, ta ja lissafin sama, yankin duka ya haye layin. Zama da maɗaukin kanwa! Manomin tumatir bai ga ƙarin ko sisi a aljihunsa ba, amma a takarda ya zama mai arziki. Sai a 2002 gwamnati ta ɗauko almakashi: Oeste da Médio Tejo, wajen Tomar da Abrantes, aka liƙa su a yankin Tsakiya, fadamar Santarém, Lezíria do Tejo, aka liƙa ta a Alentejo. Kogi bai matsa ba, gari bai matsa ba, amma Santarém da Rio Maior da ke wannan gaɓar suka wayi gari a "ƙetaren Teju". Ni ban ga laifinsu ba, ko ni ne haka zan yi, amma a daina ce min labarin ƙasa ne ya raba.

Bai ƙare ba. A 2009 masu giyar inabi, waɗanda su ne kusan na ƙarshe da ke buga Estremadura a jikin kwalba, suka sauya sunan zuwa Lisboa, don masu saye a waje suna rikita ta da ta Sifaniya. A 2011 aka daina naɗa gwamnonin gundumomi, gundumomin suka rage na zaɓen 'yan majalisa da adireshi. A 2024 kuma aka sake ɗinke guntayen nan 3 da aka warwatsa a 2002, aka yi sabon yanki mai suna Oeste e Vale do Tejo, aka kuma ware zirin Setúbal daga Lisbon, shi ma saboda lissafin tallafi. In ka ɗora wannan sabon yanki a kan tsohuwar Estremadura ta kafin 1936, za ka ga ya cike tsakiyarta kusan tsaf. Sunan ne kawai ba a gayyato ba.

Jirgi ya rage gudu. Abokina ya taɓa ni ya ce, "Malam, sauka za mu yi, akwai abin da zan nuna maka." Azambuja ce, inda jiragen 'yan zuwa aiki Lisbon suke juyawa, a kan layin da ya wuce ta Carregado, inda jirgin ƙasa na farko a Fotugal ya tsaya a 1856. Muka tsaya a dandamali, fadama a gefe ɗaya, manyan rumbunan ajiyar kaya a ɗaya gefen, wasu fararen tsuntsaye irin shamuwa sun yi sheƙa a kan turakun lantarki. Ya shiga lissafa min da yatsu. Kafin 1936, Estremadura. Daga 1936, Ribatejo. Gunduma kuwa, tun 1835 har yau, Lisbon. Daga 2002, Alentejo. Daga 2024, Oeste e Vale do Tejo. Yatsu 5 suka ƙare a kan dandamali guda.

Wata dattijuwa tana zaune a benci da jakar kabeji a gabanta, tana kallonmu da taswirarmu da ta fara yagewa a ninki. Na ce ya tambaye ta.

"Inna, don Allah nan wane yanki ne?"

Ta dube shi, ta dube ni, ta nuna allon tashar da haɓa.

"Azambuja mana. Ba ku iya karatu ba ne? In Lisbon za ku, ku tsallaka wancan gefen, saura minti 4."

Muka kwasa da gudu.